Katangata da Ƙanena

Daga sansanin gindin tudu

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Inna da yaran gida baki ɗaya, ina sanar da ke na iso lafiya, kuma an karɓe ni yadda ya dace a karɓi mutum irina. Tanti aka ba ni ni kaɗai, har da kujera mai jingina. Wani Saje ya so ya haɗa ni kwana da direbobi, na ce ya je ya tambaya wa ya gina abin da suka zo yaƙa.

Na san a unguwa ana ta yaɗa cewa sojoji sun kama ni. Ki gaya wa masu faɗa gayyata ce. Wanda aka kama ba a sa shi a gaban mota.

Ga yadda abin yake. Kin tuna tsohuwar ganuwar nan ta kan tudu, wadda aka ba ni kwangilar sake gina katangarta shekarun baya, aka mai da ita bariki. Da yaƙin basasar nan ya ɓarke, sojan da ke ciki suka bi ɗaya ɓangaren, suka ja ƙofa suka rufe. Hanyar da rundunarmu za ta bi ta wuce gaba kuwa a ƙarƙashin ganuwar take, ko keke ba zai gifta ba su gan shi ba. A nan ba mai wahalar da bakinsa da dogayen sunaye, na sama da na ƙasa kawai ake cewa. Mu ne na ƙasa.

Ranar da na zo Kanar ya kira ni, mutum ne mai fara'a da furfura a gefen kai. Ya ce, "Injiniya, kai ka gina ta, nuna mana inda take da rauni." Na ce, "Ranka ya daɗe, da nonon kaza ka aike ni nema da na fi saurin dawowa." Ya yi dariya ya ce ba ginin da ba shi da rauni, in ja kujerata in zauna in ga yadda za su samo mini shi.

Washegari da hantsi aka jera igwa aka fara luguden wuta. Yaya, ƙasa har rawa take yi, kofin shayina ya yi ta tafiya a kan tebur shi kaɗai. Da ƙura ta lafa sai ga katangata tsaye, ɗan ƙwarzane kawai a kafaɗarta kamar wadda kyanwa ta yakusa. Ban san lokacin da na miƙe ina tafi ba, ina cewa haka nake son ki. Da na waiga, duk sansanin ni ake kallo. Saje ya ce, "Wai kai a wane ɓangare kake?" Na ce ɓangaren siminti. Kanar ya juya baya, amma na ga kafaɗunsa suna motsi.

Mutumin da ya fara da ɗaukar kwaɓi a ka, bai wuce sakandare ba, yau igwar gwamnati ta gaishe da aikinsa ta koma da kunya. Ki karanta wa yaran wannan wurin sau biyu.

Na san batun Auta kike jira. Tun da yaƙin ya rutsa da shi a ciki yana ɗan aikin gyaran ɗakunansu, ba wanda ya ce ya gan shi. Na tambayi masu agaji da ke shiga da magani, sun ce ba a barinsu su wuce bakin ƙofa. Ki gaya wa Inna ta kwantar da hankalinta, abin da ke tsakanin ɗanta da harsashi ni na gina shi.

Ki gaishe da kowa. In za ki ba da amsa, ki rubuta Injiniya a bayan ambulan, don a nan ta hannun mutane da yawa take bi.

Ƙanenki,
Injiniya

*

Daga gida

Zuwa ga Gajere,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, mun gode Allah. A bayan ambulan na rubuta abin da ka ce, amma a ciki ni na goya ka, sunan da na san ka da shi zan kira ka.

Na karanta wa Inna takardarka. Wurin tafin nan ta ce in tsaya, ta tambaye ni ko tun kana yaro ka taɓa faɗuwa ta ka ba ta sani ba. Ana harbin gidan da ƙanenka yake ciki kai kana tafi. Yabon kai jahilci, Gajere, ko da an yi shi a kujera mai jingina.

Inna ba ta cin abin kirki. Kullum da rana tana sa a ajiye wa Auta kwanonsa, da yamma ta ce a ba almajirai da yara kada ya lalace. Ko ƙarar babur ta ji sai ta ɗaga labule. Ba ta tambayar wa ke cin nasara, ba ta ma san sunan ɓangarorin ba.

Kuma kada ka manta abin da ya kai shi can. Da ba ka sa an rushe masa katanga a gaban leburori don wai ta karkace ba, da bai yi fushi ya bar ka ya tafi neman ƙananan ayyuka ba. Ban ce ka ba shi haƙuri ba, na san wannan kalmar ba ta cikin kayan aikinka. Cewa na yi ka dawo mana da shi. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Af, tunda kana can kana yabon katanga, ta kicin ɗina da ka gina mini ta tsage daga sama. Ƙadangare ya riga ya tare da iyalinsa.

Allah ya tsare ku ku biyun.

Yayarka

*

Daga sansanin gindin tudu

Zuwa ga Yayata,

Bayan sallama da gaisuwa irin ta zumunci, ki ajiye ɗinkin da ke hannunki ki je kusa da Inna kafin ki ci gaba. Auta yana raye. Na ji muryarsa da kunnena.

Tukuna, batun kicin. Wannan ba tsagewa ba ce, filasta ce ke shan iska. Kada ki bari wani ɗan koyo ya taɓa mini ita.

Kullum in igwa ta ɓantare wani wuri, da safe sai mu tarar an cike shi. Na ari madubin hangen nesa na Kanar don in ga wane ne ke sa hannu a aikina ba izini. Ina ɗorawa a ido na ga shafen simintin daga dama ya tafi hagu, aikin bahago ke nan. Na duba jerin bulon, ya fara daidai, ya ƙare yana sunkuyawa kamar mai neman allura a ƙasa. Yaya, duk duniya mutum ɗaya ne yake aza bulo haka, kuma nono ɗaya muka sha da shi. Sai da na nemi wuri na zauna. Iskar wurin ce, tana da yawa.

Ran nan kuma Kanar ya kawo shawara. Ya ce tunda na sama sun san ni na yi ginin, in ɗauki lasifika in gaya musu katangar ba za ta ƙara jurewa ba, su fito salin alin. Na karɓa da niyyar in yi abin da aka ce, Allah ya sani. Aka kai ni bayan buhunan yashi, na ɗaga kai, sai idona ya faɗa kan layi na uku na gyaran nan. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Kai Auta, wa ya koya maka wannan aikin? Layi na uku ya karkace. Ina igiyar awonka?"

Can sai dariya ta ɓarke daga sama, kamar an buɗe ƙofar gidan kallo. Jim kaɗan wata lasifika ta yi ƙara daga can, na ji murya ta ce, "Yaya, ina wuni. Ana harbina nake yi."

Na ce harbi ba ya hana mutum jan igiya. Na ce kuma yashinsa ya yi yawa, ya rage, ya jiƙa bulo kafin ya aza. Tunda bakin ya riga ya buɗe, na ƙara da cewa katangar nan ko shekara za a yi ana dukanta ba inda za ta, kada dai a ɓata mini ita da gyaran ganin dama. A nan Saje ya fizge lasifikar.

Na kwana a gadurum. Ba laifi, ginin ne dai ba a yi masa tushe mai kyau ba, na nuna wa mai gadi.

Da safe Kanar ya sa aka fito da ni. Ya ce da wani ne ya koya wa abokan gaba gyaran katanga da lasifikar gwamnati, da yanzu ana neman inda za a binne shi. Amma ya ce tun zuwansa yake kiran mutanen nan ba su taɓa amsa masa ko da tari ba, ni ga shi da zagi ɗaya sun amsa. Don haka yanzu kullum bayan la'asar ana ba ni lasifika. Ni in duba aikin jiya in faɗi kurakuransa, Auta ya kare kansa, sojan sama da na ƙasa su zauna suna saurare kamar shirin rediyo. Ba mai harbi a lokacin. Na ji ma har akwai masu goyon bayansa a cikin namu, marasa ido. In mun gama sai Kanar ya karɓa, shi da Manjon da ke riƙe da sama su yi maganar masu rauni da magani.

Ki gaya wa Inna ta ci abinci. Muryarsa garau take, bakinsa ma ya ƙaru.

Ƙanenki mai ƙaunarku,
Injiniya

*

Daga gida

Gajere,

Salamu alaikum. Inna ta yi kuka, ta yi dariya, ta cinye kwanonta ta ƙara da na Auta. Ta ce Allah ya yi maka albarka. Ni kuma na ce, mutum ya ji muryar ƙanensa bayan an fid da rai, kalmarsa ta farko bulo. Ko ya jikinka ba ka ce masa ba.

Amma ba wannan ya sa na yi saurin rubutowa ba. Shekaranjiya wata doguwar mota ta ratsa ta bakin kasuwa, an lulluɓe abin da ta ɗauko da tamfol, sai da aka ɗaga wayoyin lantarki da gora kafin ta wuce. Mai gyaran keken ɗinkina ya ce igwa ce irin wadda ba a taɓa kawowa ba, kuma wajenku ta nufa. Ban gaya wa Inna ba. Kai da kake shan shayi da manya, ka san abin da za ka yi tun kafin a sauke ta.

Filastar da ke shan iska yanzu hannuna yana shiga cikinta har wuyan hannu.

Allah ya kiyaye.

Yayarka

*

Daga sansanin gindin tudu

Yayata,

Bayan gaisuwa. Wannan karon ba zan tsawaita ba, ko da yake kin san ni.

Abubuwa sun canja. Daga sama aka matsa wa Kanar, ba saman tudu ba, saman ofis. Aka ce ya daɗe a wuri ɗaya. Ranar Talata da sassafe suka gwada hawa da tsani ta gefen gabas. Na gaya musu tsayin wurin, ba su da tsanin da zai kai. Kafin rana ta yi zafi an dawo da su. Saje yana tantin likita da harsashi a cinya, yana ta zagina wai katangata ce ta jawo masa, ni kuma ina kai masa shayi. Wasu ba su dawo da ƙafarsu ba. Akwai wani direba da muke buga kati da shi, har yanzu katinsa na kan teburina. Ranar ba a yi shirin la'asar ba.

Abin da mai gyaran kekenki ya faɗa gaskiya ne, ta iso, ana kafa ta. Kanar ya gaya mini ba katanga za ta dinga duka ba. Tsallake ta za ta yi, ta sauka a kan ɗakunan ciki. Ya faɗa yana kallon ƙasa.

To jiya ina duba aikin Auta sai na ga abin da ya fi karkataccen layi. Katangar nan ba tsaye take kawai ba, ita ke riƙe da ƙasar da aka gina ɗakunan a kai. Shi ya sa na bar mata ƙananan ramuka a gindi, jere, don ruwan da ƙasa ta sha ya sami hanyar fita. Ni hancin katanga nake kiransu. Yanzu duk an toshe su da kankare, kuma ta waje kaɗai za a iya fasa su, inda ba mai iya tsayawa. Ga hadari kullum yana haɗuwa a gabas. In aka yi ruwa mai ƙarfi ƙasar ta ƙoshi ba ta da mafita, za ta tura katangar, ɗakuna da mutanen ciki su biyo ta zuwa gindin tudu.

Na je na gaya wa Kanar. Ya ce, "To ka gaya musu." Na ce ranka ya daɗe, ka san abin da kake nema? In tsaya a gaban rundunoni biyu, in faɗa da bakina a lasifika cewa ginina zai faɗi? Wa zai ƙara ba ni ko ginin kejin kaji? Ya ce shi ba ya neman komai. Ya ce igwar za ta gama kafuwa jibi, ruwa kuma ba ya jiran umarninsa, in zaɓa tsakanin katangata da ƙanena.

Sunan nan da hannuna na gina shi, Yaya, bulo bayan bulo, ba wanda ya ba ni gadonsa. Ga shi an kira la'asar, ga kofur tsaye a bakin tanti da lasifika. Zan ba mai kai wasiƙa wannan in fita.

Ku sa mu a addu'a.

Ƙanenki

*

Daga tantin waɗanda suka miƙa wuya

Zuwa ga Yaya Babba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da Inna gaisuwa ta musamman, ki riƙe mata hannu ki ce Autanta ne. Ina lafiya, sai rama da ƙaiƙayin kai. Ki yafe rubutun, a kan gwiwa nake yi.

Na san Yaya Injiniya zai ba ki labari ta inda ya fi masa kyau, shi ya sa na riga shi.

Ran nan da la'asar mun taru a kan katanga kamar kullum, har wasu sun zo da 'yan kujerunsu. Na shirya amsar da zan ba shi kan layi na uku. Sai muka ji ya yi gyaran murya har ya gaji, sannan ya ce, "Auta, ya jikinka?" Nan take na san ba lafiya ba. Ya tambayi wanda ya toshe ramukan gindin katanga. Na ce ni ne, Manjo ya sa ni, don kada a cusa mana abin fashewa ta ciki. Ina jira ya wanke ni tas, sai ya ce da wata irin murya ƙasa-ƙasa, duk da lasifika, "Katangar nan za ta faɗi. In aka yi ruwa ba za ta riƙe ba. Ni na gina ta, ni nake gaya muku. Ka fito, Inna tana jiranka."

Ba wanda ya yi dariya. Manjo ya ja ni gefe ya ce, "Yayan nan naka yana ƙarya?" Na ce yallaɓai, cika baki dai kam ba na biyunsa, amma tun da nake ban taɓa jin ya aibata aikinsa ba ko cikin barci. Ranar da ya ce gininsa zai faɗi, ni dai ba zan kwana a kansa ba. Wani kofur ya ce mutumin da ya kwana a gadurum saboda layin bulo ba zai zubar da mutuncinsa a banza ba.

Gaskiyar magana, Yaya, abincinmu ya kusa ƙarewa, masu rauni sun cika ɗaki. Ina jin Manjo ya daɗe yana neman ƙofar da zai fita ba a ce tsoro ya ji ba. Ya ce shi ba zai miƙa wuya ga igwa ba, amma ba sojan da aka horar ya yaƙi ruwan sama. Suka yi magana da Kanar, aka yi alkawarin ba za a taɓa kowa ba. Washegari muka ɗaura zanin gado a gora muka buɗe ƙofa, ana fara yayyafi.

Yana tsaye a gindin hanya, ya ci ado da hular kwano da ta fi kansa. Na ɗauka zai rungume ni. Ya kama hannuna na hagu ya juya shi yana dubawa, ya ce na rame. Sannan ya ce layi na uku har yanzu a karkace yake. Amma bai saki hannun ba har muka isa tanti, sai da likita ya ce ya ba shi wuri.

Sai mun zo. A ajiye mini kwanona.

Ƙanenki,
Auta

*

Daga sansanin gindin tudu

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na ji Auta ya rubuto miki. Ki rage kashi ɗaya cikin uku na abin da ya faɗa, musamman batun hula.

Tun ranar da suka fito ake ruwa kamar da bakin ƙwarya. Tantuna sun tafi, hanya ta zama kogi, babbar igwar nan ta nutse a taɓo har wuya ba ta yi tari ko ɗaya ba. Kowace safiya sojan sama da na ƙasa, da yake yanzu tukunya ɗaya suke ci, sukan fito su tsaya suna jiran katanga ta faɗi.

Ba ta faɗi ba, Yaya. Ko gezau.

Saje ya sa an ɗauko shi a kan gado don ya gani da idonsa. Ya ce, "Injiniya, yaushe ne faɗuwar? Mun gaji da tsayuwa." Manjo kuwa da ya gan ni sai ya girgiza kai ya yi murmushi. Wasu na cewa dabara na yi. Ba dabara ba ce, da gaske na ɗauka za ta tafi. A lissafi ya kamata ta tafi. Kuskurena ɗaya ne, kuma ina faɗinsa ba kunya: na raina aikina. Ashe na fi yadda nake zato iyawa.

Runduna ta wuce gaba. Kanar ya sallami Auta a hannuna, da sharaɗin mu fasa hancin katangar kafin mu tafi. Muna kan aikin yanzu, shi da guduma, ni ina nuna masa. Na ce in mun dawo zai koma aiki wurina, amma igiyar awo a wuyansa za ta dinga kwana. Ya ce zai yi tunani. Ki ji yaro.

Ki gaya wa Inna muna tafe ƙarshen mako. Takardar da na aiko miki kafin wannan kuma ba sai an karanta wa yara ba.

Ƙanenki,
Injiniya

*

Daga gida

Gajere da Auta,

Salamu alaikum. Inna ta sa an wanke labule, ta ƙi barin bakin ƙofa.

Ruwan nan ya iso mu. Katangar kicin ta faɗi jiya da rana, ba wanda ya ji ciwo sai tukunya ɗaya. Ƙadangaren ma ya tsira.

Ku taho da igiyar. Auta zai gina, kai ka riƙe masa.

Yayarku